Muryar Tsatsa

Zuwa ga Kyaftin ɗina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da abokan ɗakinki. Ya karatu, ya haƙuri da abincin makaranta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta fara ƙara kamar ƙofar tsohon firiji. Mamanki na gaishe ki.

Albishirinki! Kashi na biyu na Jirgin da Ya Bar Rana ya fito, kuma yana hannuna. Da rana tsaka na rufe shago, na bar firijin wata mata a buɗe kamar mara lafiya a teburin tiyata, na je na bi layi da 'yan makaranta. Mai littattafai ya ɗauka jikana nake saya wa. Ko ledarsa ban cire ba. Yana saman kabad ɗin falo yana jiran hutunki, yadda muka yi alkawari: ke ki karanta da muryar yarinyar labarin, ni in yi Tsatsa. Har na nemo bokitin ƙarfen da nake kifawa a kai don muryar ta fito ta mutum-mutumi sak. Na tarar mamanki ta jiƙa wanki a ciki, sai da muka yi shari'a.

Wahalar ita ce mutane. Kowa ya karanta, kowa da ra'ayinsa. Mai kemis na jikin shagona ya ce tunda yarinyar ta kai sha shida ta cika ƙorafi, wai rabin littafin mita ce. Na ce masa da gani bai taɓa renon 'yar sha shida ba. Da ya buɗe baki zai faɗi ƙarshen labarin, na kunna injin shago don ƙararsa ta danne muryarsa. Yanzu kullum haka muke, yana matsowa ina kunnawa.

Kada ki ji tsoron zan riga ki. Kin san ni da makaranta mun rabu tun kafin mu saba. Layi ɗaya sai na bi shi da yatsa kamar mai neman inda waya ta tsinke.

Naki,
Baba, injiniyan jirgi

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Mu ma muna nan.

Jiya mai kemis ya kira ni cikin kantinsa har da ba ni kujera, abin da ya kamata in gane ba alheri ba ne. Ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini shafin da masu karatu ke rubuta ra'ayinsu suna raba taurari. Wani ya ce kashi na biyu ya fi na ɗaya. Wani ya ce barci ya sa shi. Wata ta ce da yarinyar 'yarta ce, da tuni ta ja mata kunne. Ina dariya, sai ya matsa ƙasa ya tsaya a kan wani hoto. Tabaran nan na san shi, ni na manne masa ƙafa da gam.

Taurari biyar kika bayar, kuma a makon da littafin ya fito. Ban bari ya karanta mini ba. Da yatsana na bi, yana sallamar masu sayen magani yana satar kallona. Kin rubuta cewa inda ya fi burge ki shi ne inda yarinyar ta kashe Tsatsa da hannunta, domin tsohon ƙarfen ya cika barkwancin da ba ya ba da dariya, yana katse labari duk inda zai yi daɗi. Kin ce kashi na ɗaya cikin hayaniya kika karanta shi, sai yanzu da kika zauna ke kaɗai kika san daɗin shiru. Mutane sun yi ta yaba miki. Har wani ya rubuta a ƙasa wai gara da aka raba mu da shi.

Hayaniyar nan na san ta. Tana da furfura, tana kifa bokiti a kai.

Ba riga ni da kika yi ne ya dame ni ba, mai ƙishirwa ba ya jiran gurgu. Amma ranar da muka yi waya na tambaye ki, kika ce ke ma toshe kunne kike yi. Ni kuma ina nan ina kunna inji kamar wawa, ina gadin sirrin da mai shi ta riga ta shanya a kasuwa. Ƙarshen da na yi ta guje wa a bakin maƙwabci, a bakin 'yata na ji shi.

Mamanki ta ce in ji kunya, tsoho da ni ina ƙin cin abinci saboda ƙarfen da ba a taɓa ƙerawa ba. Gaskiyarta.

Babanki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Na ga inda tawada ta jiƙe, ban sani ba hawaye ne ko shayi, na ɗauka hawaye ne don in ji daɗi.

Kin ce Tsatsan littafi kike nufi, ba ni ba. Na yarda. Maganar hayaniya kuwa kin tsallake ta, ni ma ba zan matsa ba. Kin kuma ce za ki zo ki karanta mini kamar ba ki taɓa buɗe shi ba. A'a, 'yata. Ni mai gyara ne, ina gane firijin da wani ya riga ya kwance, ko da ya mayar da kowane noti. Daɗin abin shi ne yadda muryarki ke rawa don ba ki san abin da ke shafi na gaba ba. Yanzu kuwa fuskata za ki riƙa kallo, kamar mai ba yaro magani.

Na yage ledar. Ina karantawa a shago tsakanin aiki da aiki, a hankali kamar kunkuru mai ciwon ƙafa. Mai kemis bai fahimta ba, yarinyar ba mita take ba, tsoro take ji. Barkwancin Tsatsa kuma na karanta shi cikin shiru yadda kika yi, na tarar wani daga ciki da gaske ba shi da gishiri. Wannan ya fi rubutunki zafi.

Na kai inda yarinyar ta durƙusa ta buɗe murfin ƙirjin Tsatsa, shi kuma yana gaya mata wayar da za ta fara cirewa don kada wuta ta ja ta. A nan na rufe.

Ki zo hutu. An share ɗakinki, ni zan ɗauko ki a tasha, mu yi hirar duk abin da kike so. Amma kada ki taɓa mini littafin. Duk duniya sun kashe shi, har da ke. A gidan nan bai gama magana ba tukuna.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki