Layi uku da ban rubuta ba sun sa an karɓe makulli daga hannun Baba

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni, na zagi kaina ya isa.

Ni mace ce, informatik na karanta, wato ilimin kwamfuta. Wani proje, wato shirin raya karkara, ya ɗauke ni in haɗa ƙananan na'urori a foraj ɗin lambun mata, wato rijiyar burtsatsensu, kusa da Bande. Na'urar tana aika gajeren saƙo zuwa wayar mai kula da wurin: kore in pompi na aiki, ja in ya tsaya. Ni na girka lojisiyel ɗin, wato manhajar da ke kai saƙon. Akwai wani saiti da muke cewa wasiyya, in na'urar kanta ta mutu sai waya ta sanar. Layi uku ne kacal zan rubuta a cikin manhajar. A Magarya na gwada, rezo, wato sabis ɗin waya, garau, komai na tafiya, sai na ce zan ƙara daga baya. Ban ƙara ba.

Mai riƙe makullin foraj ɗin mahaifina ne. Har kasuwar Sassumbrum yake nuna wa mutane wayar yana cewa, “Aikin ƴata ne.” Da aka yi mana rasuwa a Yekuwa ya tafi kwana huɗu, kullum yana dubawa yana ganin kore. Ashe tun ranar farko wutar sola ta yanke, pompi da na'ura suka mutu tare, waya ta tsaya kan tsohon saƙo. Matan ma suka ɗauka yana sane, zai turo mai gyara. Irin albasarsu ya ƙone ƙurmus.

Komite na lambun ya zauna a gaban jama'a. Ina tsaye a wurin aka ce ya yi sakaci, aka karɓe makulli. Me ya kulle mini baki? Tsoron rasa aiki? Kunya? A hanyar gida ya ce mini, “Uwata, aikinki ba ya ƙarya. Idona ne ya tsufa, wataƙila ja ne na gani kore.” Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari na lallaɓa na rubuta layukan, ba wanda ya sani.

Yanzu ya daina zama majalisa, daga masallaci sai ɗaki. Zuciyata ta karye. In na faɗa, zan wanke shi, amma zai gane ina tsaye ina kallo aka tozarta shi. Jiya ya roƙe ni in kai shi a duba masa ido. Me zan yi?