Ba Naman Kare Nake Sayarwa Ba

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Yaya Malam da yara? Mu nan Suleja lafiya lau, alhamdulillahi.

Na san Kawu Sale ya riga ni kawo miki ƙara, to ki ji nawa. Mutumin da ya kawo mini daga Abuja ya buɗe wa dambun namana shafin intanet bai iya Hausa ba. Duk dambun da ya ƙare, sai ya manna wa hotonsa "KARE" da jan rubutu, babu lanƙwasa a harafin farko. A kan nama fa, Yaya. Wata hajiya daga Garam ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, wai naman me nake dakawa. Sau uku ina cewa ya gyara, yana cewa ai duk ɗaya ne.

Sai na nemo Safiya, wata matar aure a unguwar Magajiya mai wannan aikin don kanta. Cikin kwana biyu ta gyara komai. Yanzu Kawu ya daina amsa gaisuwata, wai na watsa masa ƙasa a ido. Zan ci gaba da durƙusawa in gaishe shi, amma shafin ba zai koma hannun mutuminsa ba. Shekara tara ina gina sunan nan.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Malam da yara. In Kawu ya sake kiranki, ki tambaye shi ko zai ci naman da aka rubuta wa kare.

Ƙanwarki,
Hauwa