Kwamfutar da ke ƙarƙashin gado

Baban Ashraf,

Na ga gajiyar hanya ta kayar da kai, shi ya sa ban tashe ka ba. Motar Kuru ba za ta jira ni ba.

Mutumin nan da ka bari ya saka maka wani abu a kwamfutar surfani, wai shi ma'aikacin kamfanin manhajar ne, ya sake kira da safe. Ni na ɗauka. Ya ce yanzu haka kwamfutarka tana aika musu da alamar haɗari, maza in karanto masa lambar da banki ya turo wayarka kafin zanen mutane ya goge. Na ce, "Yanzu-yanzu take aikowa?" Ya ce, "Ga shi ina gani, madam."

Kwamfutar da tun ƙonewar taransifomar layinmu take cikin jaka a ƙarƙashin gado, batirinta a mace. Na ce ya tambayar mini ita inda ta samu wuta, mu ma muna so. Ya kashe wayarsa.

Na kai ta shagon Oga Akanbi mai gyara. Ya cire abin da ɓarawon yake leƙo mu da shi. Zanen kayan bikin Hajiya Alimot duk yana nan.

Kafin ka sha kunu ka kira banki su rufe katinka, ka canza kalmar sirrinka. In mutumin ya sake kira, ka ce madam na jiran amsar maganar wuta.

Rahma