Rumbun Iri da Ka Fasa

Jos, Afrilu 1985

Ɗana Gidiyon,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya garinku Urafane, can ƙetaren iyaka? Ya matarka Hasana da jinjira? Tun da na ji haihuwar nake dariya ni kaɗai. Da hannuna na rubuta, karatun yamma ya yi rana!

Ka nemi gafara don ka fasa rumbun iri, bayan ka yi mini alkawarin jiran ruwa. Fastonmu ya ce ba a karya alkawari ko ana yunwa. Na girmama maganarsa, amma hatsin nan Hasana ta ci ta rayu har ta haihu.

Lafiyata lau, tuwon dare kawai na rage. Sojoji sun rufe iyaka, amma Altine makiyayi zai kawo maka irin gero tiya huɗu. Ka shuka. Wannan karon ban nemi alkawari ba.

Babanka,
Sila