Gobe za a karɓi ɗan Hajara

Daren Laraba, Baure.

Barci ya ƙi zuwa, don haka na ɗauki biro, tunda yanzu na iya rubutu. Ilu, wanda ya saki ƙanwata Hajara, ya yi sabon aure, har ana yi masa barka a masallaci. Ita kuwa, gobe danginsa za su karɓi ɗanta da ta yaye, kuma ni zan miƙa shi. A matsayina na babba a gidan nan, na yi mata doguwar nasiha kan haƙuri. Sai ta ce, “Yaya, yaron nan ba ya barci sai ya riƙe bakin zanena.” Ɗazu na jiyo tana yage bakin zanen, za ta sa masa cikin kayansa.