Sunaye Uku da Suka Faɗo daga Jadawalin Ruwa

Luka Tambaya,
Unguwar Dattijo, Bunkure.
13 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Manoman Rani ta Magudanar Gabas,
Bunkure, Jihar Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Taɓa fayil ɗin saitin firinta da yanke sunaye daga jadawalin ruwa

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne ƙungiya ta ɗora wa kula da kwamfutar ofis tun dawowata daga karatu a Indiya. Ga ƙorafina.

1. Ranar 9 ga Disamba, 2024, aka kawo sabuwar kwamfuta. Ba ta gane fayil ɗin saitin firinta na tsohuwar, don haka na juya shi zuwa sabon tsari. Manhajar juyawar ta zaɓi girman takardar Amurka, wadda ta gaza tamu da kusan santimita biyu. Na gyara layin girman takarda a fayil ɗin da hannuna, na buga jadawali a gaban sakatare, Malam Badamasi. Sunaye arba'in da biyu suka fito cif.

2. Shugaba ya sani ana jera sunaye ne daga bakin magudana zuwa wutsiyarta, kuma Ɗanladi mai ƙofar ruwa ba ya buɗe wa kowa sai wanda ke kan takarda mai hatimi. Tun 23 ga Disamba takardar ke fita babu layi uku na ƙasa: Laraba Filibus, Hawwa'u Salisu da Kawu Iliyasu. Mako uku ba su ga ruwa ba. Tumatirinsu ya fara zubar da fure.

3. Kwamfuta ta nuna an taɓa fayil ɗin ranar Lahadi, 22 ga Disamba, ƙarfe goma da kwata na safe. Ina coci a lokacin. Layi ɗaya tak aka sauya, shi ne wanda na gyara a gaban sakatare, aka mayar da shi girman takardar Amurka. Mu biyu muka san kalmar sirri.

4. Ban ɗora wa kowa niyya ba. Sai dai awannin ruwan mutanen nan uku sun tsaya ne a gona ta talatin da tara, ta Usaini, surukin Malam Badamasi. Sau uku sakatare yana buga hatimi bai ƙirga sunaye ba.

5. A taron Asabar da ta wuce an ce injin Luka ne ya cinye sunayen, aka karɓe makullin ofis daga hannuna. Fayil ba ya sauya kansa.

Don haka ina roƙo a buɗe kwamfutar a gaban Shugaba da dattawa biyu, a gwada fayil ɗin da kwafin da na ajiye, a mayar da saitin, a sauya kalmar sirri. In laifina ne, a faɗa a taro. In ba nawa ba ne, a faɗa a taron nan dai.

Gyaran minti biyu ne. Ranar Alhamis ce ruwan wutsiya. In ya wuce su karo na huɗu, babu sauran abin shayarwa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya. Na gode da sauraro.

Naka cikin ladabi,
Luka Tambaya
Mai kula da kwamfutar ofis