Sunan Sulafa

Ard al-Liwa, Alƙahira

Zuwa ga Goggo Dije,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da mutanen gida duka. Allah Ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan da Yaya Hadi ya ce yana hana ki zuwa masallaci. Mu nan lafiya lau, maigidana Abdurrahim ya kusa gama rubutun digirinsa, in Allah Ya yarda bayan babbar salla muna gida.

Goggo, saƙonki ya iso game da yarinyar da muka ɗauka riƙo, cewa kina so a sa mata sunan marigayiya Inna, Fatimatuzzahra, tunda Allah bai ba ni haihuwa ba balle in yi mata takwara. Na yi kuka da na ji, don na san ƙauna ce ta sa. Shi ya sa na ga ya dace in ba ki labarin yadda abin ya kasance.

Mahaifiyarta Mahasin maƙwabciyata ce, ƙofa da ƙofa. Yaƙin Sudan ne ya koro ta bayan ya ci mijinta Tarig. Hausa take ji garau, ta ce kakanninta daga wajen Haɗeja suka tashi za su Makka a ƙasa, suka yada zango a can har suka zauna. Da ciwo ya kwantar da ita, ni na yi jinyarta, kuma a hannuna ta rasu, ta bar mini ɗiyarta Sulafa tana 'yar shekara huɗu. Kawunta Osama ya amince mu taho da ita Funtuwa.

Abdurrahim ya ce sunan uba dai ba mai taɓa shi, addini ya hana, amma sunanta na yanka babu laifi a sauya. Shi ma yana tsoron kada yara a gida su mai da sunan abin tsokana, su riƙa ce mata baƙuwa. Sai muka fara kiranta Zahra. Ba ta yi musu ba, Goggo. In an kira ta amsa, in an aike ta ta je. Har na ce khalas, magana ta ƙare.

Ranar Juma'a ina yi mata kitso, sai ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, wai Sulafa ma ta tafi inda Mama ta tafi ne. Hannuna ya tsaya cak a kanta. Ashe duk amsawar nan da take yi, a zatonta mutuwa ta sake shigowa gidan ta ɗauki wata, ita kuma ta yi shiru kada ta ɓata mana rai. Na juyo da ita na kira ta da sunanta, yadda uwarta take jan ƙarshensa. Ta ƙanƙame ni ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Da Abdurrahim ya dawo na gaya masa, sai ya ce mu muka yi garaje.

Yarinyar nan ta rasa uba, ta rasa uwa, ta rasa gari. Abin da ya rage mata daga bakin mahaifiyarta shi ne wannan suna, ba zan iya karɓe shi ba. Ki yafe mini, Goggo. Inna kuwa kullum tana cikin addu'ata. Roƙona ɗaya, ranar da muka sauka ki zama ke ce farkon wadda za ta kira ta Sulafa a tsakar gida. In kin kira, kowa zai bi.

Ki gaida Baffa Ishaq da Yaya Hadi da iyalinsa, da Abdulbasit. Abdurrahim yana gaisuwa.

'Yarki,
Humaira